Shaidar da Aka Ce Ba Ta Nuna Ba

Mai girma shugabar wannan taro, Baba Fasto da Mama, dattawan ikkilisiya da ke kan kujeru masu laushi, mawaƙa, iyayena mata, ƙannena, da mazan da suka shigo suna cewa rakiya kawai suka yi: ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. An ce in yi magana a kan begen mai bi cikin wahala, an kuma ja mini kunne in yi ta a hankali. Saƙon farko ne kawai ya iso gare ni.

Maganata ta farko labari ce. Yawancinku kun san Yayata tela, mai shago a bayan tashar mota. Rigunan nan da ke jikin mawaƙa ita ta ɗinka su, shekara ashirin tana ƙara wa wasunku faɗin ƙugu ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Wata bakwai da suka wuce, tana kan keken ɗinki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun da ke riƙe almakashi, yanzu sai an ɗauka an ɗora mata a cinya. Maganarta ta dawo, amma kalma ɗaya ɗaya take fitowa.

Ranar da ta fara iya zuwa sujada, ta ce a kai ta wajen Sakatare. Kun san tsarinmu: mai son ba da shaida sai ya fara faɗa wa Sakatare abin da zai ce, a tace, sannan a rubuta sunansa. Sakatare ya gyara tabarau ya ce, "Mama, hannun ya tashi ne?" Ta ce, "Bai tashi ba." Ya ce, "Ƙafar fa?" Ta ce, "Janta nake." Ya ce, "Ai Mama, shaidarki ba ta nuna ba tukuna. In an warke sai mu sa ki a farko."

Ranar mutum uku suka ba da shaida. Ɗaya firjinsa ya tashi bayan ya ɗora masa hannu. Ɗaya ta ga akuyarta da ta ɓata. Ɗaya surukarta ta koma gida. Muka yi ta tafi, har da ni, Allah ya gafarta mini.

Tun daga ranar Yaya ba ta sake taka ƙofar nan ba. Makon jiya ina tsefe mata kai, sai ta ce, "Ƙanwata, anya sunana yana wajen Ubangiji kuwa? Ko can ma sai na warke za a rubuta?"

Matar da ta koya mini addu'a ke nan, jama'a. Ciwo ya taɓa jikinta bai taɓa bangaskiyarta ba, mu muka taɓa ta.

Magana ta biyu. Sakatare, ɗago kanka, ba kai ka ƙago tsarin nan ba. Mu muka kafa shi a kwamiti, bayan wani bawan Allah ya riƙe makirfo minti arba'in yana ba mu tarihin basir ɗinsa. Ni ma na ɗaga hannu. Amma garin neman gira muka rasa ido. Mako bayan mako mun koya wa kanmu, ba tare da kowa ya furta ba, cewa wanda abinsa ya gyaru shi ne ɗan Allah, wanda nasa bai gyaru ba kuwa ya jira a waje. Mun mai da Mai Ceto bakanike.

Magana ta uku ita ce aka kira ni dominta. Ceto ba ladan lafiya ba ne, ba ladan ƙoƙari ba ne, ba kuma ladan zuwa sujada da wuri ba ne, da rabin mawaƙan nan sun shiga uku. Kyauta ce ta alheri, ta wurin bangaskiya ake karɓarta, kuma wanda ya bayar ba ya ƙwacewa don likita ya girgiza kai. Ku tuna da ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangijinmu. Hannuwansa biyu a kafe, ba wanda ya tashi. Bai warke ba, bai sauko ba, ba kwamitin da ya tace shi. Ya gaskata, aka ba shi tabbaci nan take, yana cikin azabarsa. Akwai manzon da ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke damunsa, ba a cire ba, aka bar shi da alheri. Da a nan yake, da har yau yana layin Sakatare.

Muna roƙon warkarwa, za mu kuma ci gaba da roƙo. Amma begenmu bai rataya a kan hannun Yaya ba. Ya rataya a kan hannun da aka huda dominta.

Yau ta yarda ta zo. Ga ta can a kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa, don in mun sake ba ta kunya kada ta sha wahalar fita. A hanya na tambaye ta me take son faɗa tun wancan karon. Ta harare ni ta ce, "Ke ma tacewa za ki yi?" Saboda haka ban san abin da za ta ce ba, kuma babu wanda ya sani a ɗakin nan.

Shugaba, da izininki, sauran lokacina nata ne. A kai mata makirfo. In wayar ba ta kai ba, mu juya kujerunmu. Za ta yi jinkiri, kada wanda ya ƙarasa mata kalma, kada wanda ya dubi agogo.

Ubangiji ya riƙe masu ciwo, ya ƙarfafa masu jinya, ya ba mu kunnen da ya fi bakinmu girma, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yaya, muna jin ki.

Na gode.