Tumatir a Rumfar Mai Wuƙaƙe

Ina tsaye a rumfar mai wuƙaƙe, kusa da wata mata da ta ɗaure yatsa da bandeji.

"Hajiya, ɗauki wannan mai ƙyallin," in ji mai rumfar. "Dubi yadda take tsarga takarda."

"Malam, ni ba takarda nake dafawa ba. Irinta ce ta zame a kan albasa ta yi mini wannan aikin."

Ta ciro nunannen tumatir daga jakarta, ta ajiye a teburinsa. "Yanka mu gani."

Ya danna wuƙar. Tumatirin ya fashe, ruwan ya fantsama a rigarsa.

"Ai tumatirin ne ya cika laushi."

"Miƙo mini waccan baƙar ta bayanka, wadda ƙarfenta ya ratsa har ƙarshen mariƙi."

"Ba ta da kyan gani, Hajiya."

Ta ciro wani tumatirin, ta ja wuƙar a hankali. Ya rabu biyu, ko ɗigo bai zuba ba.

"Tsakaninka da Allah, maiɗakinka da wace iri take aiki?"

Ya goge rigarsa, ya yi dariya. "Gaskiya ita na ajiye wa wannan."

"To, ka ba ta haƙuri. Naɗe mini."