Garantin da Ya Tsaya a Bakin Kwalta

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Daga Dar Salam ta Umdurman nake rubuto maka, a ji abin da aka yi mini.

Na sayar da zinaren matata na sayi motar haya wurin wani dila. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ya Hajj, akwai daman, wato garantin shekara guda. Kome ya lalace, gyara namu ne." Da kansa ya tuƙo ta, ya ratsa yashin unguwarmu har ƙofar gidana. Na yanka ragon sadaka, ya ci ya ƙoshi, har cinya na ƙulle masa.

Wata bai cika ba inji ya buga. Da na koma, ko kujera bai ba ni ba. Ya ce garantinsu na motar da ke bin kwalta ne, wadda ta taɓa shiga yashi ba ruwansu.

Na ce, "Ai kai ka shigar da ita!"

Ya yi dariya. "To, tun ranar garantin ya mutu. Amma wallahi naman ya yi daɗi."

Yanzu awaki ke kwana ƙarƙashinta, matata kuwa ta daina zuwa biki don kada a ga hannunta wayam. Jama'a, ku ba ni shawara. Ina ake kai ƙarar wanda ƙanensa hafsan soja ne?