Wanzami da Cikin Yayana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni na kafa injin niƙana a Gagarawa Tasha, na gina gidana, ba wanda ya miƙo min bulo. Ni kaɗai na kai yayana Kano da ƙodarsa ta gaza. Likita ya sa masa robar wankin ƙoda a ciki, ya ce tantanin ciki yana da ƙananan ƙofofin ruwa, ƙazanta tana lalata su. Muna dawowa kawunmu ya kira wanzami ya kafa masa ƙaho kusa da robar. Tir! Na hana, kawu ya ce, "Habu, yaushe ka zama likita?" Aka kafa ƙahon. Yanzu ruwan wankin da a da yake fitowa garau yana fitowa kamar gasara. Gobe sai Kano. A rubuta sunana: Habu Mai Inji ya ce kada a yi wa mai robar wanki ƙaho.