Minti Goma Sha Ɗaya a Kan Hannuwana

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban jami'a, shugaban tsangaya, shugabar sashenmu da sauran malamanmu. Inna, mahaifiyar marigayiya. Maigidanta da 'ya'yanta uku. 'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da ƙannenmu da ke aji yanzu. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ce in yi magana a madadin ɗaliban Malama, wai don na fi kowa kusa da ita. Da waɗanda suka zaɓe ni sun san abin da ke cikina, da wataƙila sun nemi wani. Zan zo kansa, amma bari in fara da ita.

Mu da muka shigo sashen nan, mun shigo muna ji da kanmu. Mun iya rubuta manhaja, kuma duk wanda ya kasa aiki da abin da muka ƙera, sai mu ce kansa ne ba ya ja. Da aka ce a aji uku akwai kwas na dole, na tsara manhaja daidai da mutanen da za su yi amfani da ita, muka ce ai kwas ɗin zaɓen launi ne, maki a ɓagas. Ranar farko Malama ba ta bari mun kunna kwamfuta ba. Ta kai mu inda ɗalibai ke layin rajista a gaban na'ura, ta ce, "Ku ƙirga min tsaki." Muka ƙirga arba'in da bakwai cikin awa ɗaya. Ta ce, "To duk na wanda ya ƙera ta ne, masu layi aro kawai suka ba shi na baki."

Ta kasance mai ɗaki ɗaya da take ji da shi, ɗakin gwajin nan na ƙarshen baranda, mai tagar da ba ta rufuwa. Kujera biyu ne a ciki. Mai katifa ta baƙo ce, ta katako ta ɗalibi. Baƙin kuwa su ne masu shara, direban motar ɗalibai, mai gadi, duk wanda ta samu ta roƙa. A ba baƙo abin da ka ƙera, a faɗa masa abin da zai nemo, kai kuma ka zauna a kan hannuwanka biyu, bakinka a rufe. Ba nuni, ba tari, ba ɗaga gira. Shi ya sa muka sa mata Malama Kar-ka-taimaka. Ta san da sunan, har takan sa hannu da shi a takardunmu.

Ta kasance mai kawo mana alƙalin da ya fi kowa tsauri, wato Inna. Inna, kuna tuna ni. Ni ne wanda ya yi manhajar tuna wa mutum shan magani. Kuka yi ta juya wayar, har na kasa haƙuri na ce, "Inna, ai ga hoton ƙararrawa nan a sama." Kuka dube ni kuka ce, "Ɗan nan, wace ƙararrawa? Ni kofi na gani a kife." Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce, "Za ka riƙa bin kowa gida kana nuna masa ne?" Ta sa na sake aikin daga farko, na yi sati biyu ba na gaishe ta.

Ta kasance ba ta iya ganin ana wahalar da mutum a banza ta wuce. Fom nawa ta gyara wa ofisoshin jami'ar nan ba tare da an sa ta ba? Makafin ɗalibanmu suna rajista da kansu yau saboda shekara uku da ta yi tana sintiri a ofis-ofis, har wasu suka fara ɓuya idan sun ji takunta.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Shekara shida bayan na gama, aka ba ni jagorancin masu ƙera wa wani asibiti manhajar da marasa lafiya za su riƙa ganin sakamakon gwajinsu. Na zo har ofishinta na yi mata alfahari. A tsarin aikin akwai sati biyu na gwaji da marasa lafiya na gaske. Lokaci ya ƙure, manya suna matsa mana, na soke sati biyun da hannuna. Muka gwada a tsakaninmu, mu biyar da muka tashi da waya a hannu, muka ce komai ya yi. A shafin farko muka rubuta da manyan baƙaƙe, "Babu alƙawarin ganin likita." Sakamakon gwaji kuwa muka cusa shi bayan ƙararrawa, tare da sanarwar sauyin lokacin buɗe ƙofa. Ƙararrawar nan dai, Inna. Kofin da ke kife.

Wata safiya Malama ta shigo ofishina, ta rame, tare da wani dattijo, tsohon tela, da ta haɗu da shi a bencin asibitin da muka yi wa manhajar. Ta ja masa kujerata mai laushi, ta nuna min ta roba. Ta ce, "Zauna kan hannunka." Ta ce da shi, "Baba, ku duba mana ko sakamakonku ya fito."

Ina hango ɗan jan ɗigon da ke kan ƙararrawar, alamar akwai saƙo, a saman wayar daga inda nake. Minti goma sha ɗaya yana nema. Ya goge tabarau, ya matsa kusa da taga, ya koma shafin farko sau huɗu. A ƙarshe ya ajiye wayar ya ce, "'Yata, da alama bai fito ba. To alhamdulillahi, tunda ba su neme ni ba, ai lafiya ke nan."

Malama ta danna masa ƙararrawar, sai ga sakamakon, ta sa aka raka shi wurin likita a ranar. Da muka rage mu biyu ta ce, "Ni ma haka na ce. Sati bakwai ina faɗin haka, kafin wata nas ta kira ni tana tambayar me ya hana ni zuwa."

Inna, maigida, ƙannena. Kun san an samu jinkiri a jinyarta. Ba ku san hannun wa ke ciki ba, don ta rufa min asiri har ta koma ga Allah. Hannuna ne. Na tambayi likitanta ko sati bakwai ɗin nan da sun canza wani abu. Ya ce ba zai iya cewa eh ba, ba zai iya cewa a'a ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai wanke ni ba, domin an koya min, kuma ita ce ta koya min. Ban zo in ce ku ce ba komai ba. Da komai.

Tun ranar muka sa ana kiran duk mai sakamako na gaggawa a waya, amma ba kowa ake samu ba. Mun sake shafin gaba ɗaya. Sai dai ta ɗauki alƙawari a wurina, a gadon asibiti, cewa ba zan fitar da sabon ga jama'a ba sai Inna ta nemo sakamako a cikinsa ba tare da an taimaka mata ba. Ta ce, "In ta gani, kowa zai gani." Ba ta kai ga faɗa muku ba. Ni kuma sau uku ina zuwa ƙofar gidanku ina juyawa, alhali mutane suna can suna kallon tsohon shafin suna cewa lafiya ke nan.

Inna, ba ni da bakin roƙonku, amma ga shi ina roƙo. Ranar Litinin da ƙarfe goma zan kasance a ɗakin nan mai tagar da ba ta rufuwa, a kan kujerar katako. Mai katifar taku ce. In kun zo, ba za ku ji ko tarina ba. In zuciyarku ba ta ba ku ba, ba ku yi laifi ba, zan dawo Litinin ta gaba.

Na gode wa shugabanni da suka ba ni wannan dama, na gode wa iyalinta da suka saurare ni har ƙarshe. Allah Ya jiƙan Malama, Ya haskaka makwancinta, Ya sa abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana. Allah Ya ba Inna da maigidanta da 'ya'yanta haƙuri, Ya yafe mana abin da muka sani muka take. Duk wanda sakamakonsa ke jiransa a yau, Allah Ya sa ya gan shi da wuri. Amin.