Ƙofar da Baba Ya Tuna

A bencin jiran likita, wani tela ya leƙa wayar matar da ke gefensa, ya ga fim ɗin masu binciken fatalwa take kallo, kashi na biyu.

"Baiwar Allah, waɗannan ai ɓata lokaci suke. Sai sun maimaita na farko tukuna: tsohon gidan nan, da ƙofar da ke buɗe kanta."

"Ni kam Allah ya saka musu da alheri," in ji ta. "Babana mantuwa ta kama shi, ko sunana ba ya riƙewa. Jiya da suka sake nuno ƙofar, sai ya damƙe hannuna, ya ce, 'Auta, rufe idonki, nan ne kike jin tsoro.'"

Telan ya gyara zama, ya ce:

"To, mayar mana da shi farko."