Rigar da Ya Mayar

"To wai me ya hana su ɗaukar ka?"

Baba ne, surukina, yake tambayar maigidana a zaure, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe. Na ji ya amsa, "Ba rabo, Baba. Ban ci gwajin ba." Sai hannuna ya tsaya da rariya. Ƙannensa mata, Hassana da Ummi, ba su lura ba. Su dai tun da muka dawo ba su da magana sai ta Ikko. To ga yadda nake ba su labarin.

Kun dai san tunkiyata aka sayar muka yi kuɗin mota, bayan an gama casar masara. Yayanku ya saba zuwa ci-rani shi kaɗai, bana ne ya ce in bi shi ko ya huta da cin garin kwaki. Daga Kafur muka sauka Funtuwa, daga nan mota ta yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura.

Ɗakin da muka kama bai kai rumbun Baba ba. Mai gidan wata dattijuwar Bayarabiya ce, Iya muke ce mata, ta iya Hausa irin ta kasuwa. Ranar da na fara kaɗa miya ta leƙo tana toshe hanci.

"Amariya, mene ya mutu a tukunya?"

"Daddawa ce, Iya."

"Kai shi waje. Haya na ɗaki ne, ba na wari ba."

Kafin wata ya ƙare da kwanonta take zuwa.

Yayanku dako yake yi a bakin tashar jiragen ruwa, inda manyan motoci ke kwana a layi suna jiran kwantena, wato akwatunan ƙarfen nan masu girman ɗaki. Muna nan sai aka ce gwamnati ta fito da sabon tsari: za a riƙa ɗora akwatunan a kan wasu faffaɗan jirage marasa rufi, ƙirar nan gida, a bi da su ta ruwa, motoci su huta. Kuma za a koya wa matasa aikin jiragen. Kowa bakinsa "inobeshin". Ni da na gwada faɗa, "inabashan" ya fito, Iya ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Da na tambayi ma'anarsa aka ce sabuwar dabara. Na ce a raina, to a ce dabara mana.

Amma abin ba na dariya ba ne. In kaya suka koma ruwa, me ɗan dako zai ɗauka? Maza suka yi ta zaman jugum a ƙofar gida. Wanda duk ke da ƙarfi ya je neman shiga, har da yayanku. Gwajin farko kuwa iyo ne. Shi a madatsar ruwa ya koya yana yaro, wadda ana hango wancan bakin nata. Teku fa ba ta da wancan baki, na gani da idona. Ranar gwajin tun da asuba ya fita.

A nan nake tsayawa, in ce musu tuwo zai kama. Sauran ba na ba su.

Da la'asar ya dawo da riga a leda, launin ruwan lemo, mai kauri kamar matashi, irin wadda ke hana mutum nutsewa. Waɗanda suka ci kaɗai aka ba. Ya sa ta a cikin ɗaki, ya karɓi ɗan madubina yana jujjuyawa. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Sannan ya zauna ya ce koyon zai ratsa damina gaba ɗaya, ba hutu, wanda ya tafi kuma an ba wani gurbinsa.

Ruwa yakan riga sauka a can. Duk sanda ya bugi kwano, sai maigidana ya ɗauki waya: "An yi hadari a gida?" Baba ya ce kada ya damu, zai lallaba. Alhali gwiwarsa ta daɗe da ƙin tanƙwaruwa, ɗa namiji kuma maigidana kaɗai gare shi. Rannan wani maƙwabci ya kira ya ce an ɗauko Baba a babur daga gona, ya faɗi wajen shara. Washegari maigidana ya fita da ledar, ya dawo hannu sake.

Mai kula da masu koyon ya biyo shi har gida. Oga Emeka sunansa, iyayensa 'yan kudu ne, amma Hausa a bakinsa kamar ta Baba. Ina bakin murhu suka tsaya.

"Bakatsine, an ce ka mayar da riga."

"Na mayar, Oga."

"Rabin masu gwajin nan tsamo su aka yi kamar kaji a rijiya. Kai ka ƙetare, sannan ka ce ba ka yi?"

"Gona ce."

"Ni za ka gaya wa gona? A Funtuwa aka binne cibiyata. Sa 'yan ƙwadago."

"Ba ka san tsohon ba. In ya ga baƙi a gonarsa, fartanya zai ɗauka ya bi su. A ɗaga min zuwa kaka mana."

"Ba a hannuna yake ba. Waɗanda suka tsara abin ba su san shuka ba ta jira ba. Na ce musu in ana son 'yan ci-rani a fara bayan girbi. Sun ce za su duba." Ya juyo wajena. "Amarya, ke ba za ki ce komai ba?"

Na dubi ƙasa. In ya zauna, ga teku, ga Baba. In ya tafi, baɗi ya koma ya tarar da me? Ban san wanda ya fi ba ni tsoro ba.

Mun iso ana gobe ruwan shuka. Masara yanzu ta kai gwiwa, Baba yana zaune a gindin ɗorawa yana ba da umarni da sanda. Har yau ba a kira daga can ba, kuma duk ƙarar waya sai na kasa kunne. Maigidana bai taɓa ce min in ɓoye ba. Amma na san Baba: in ya ji don gwiwarsa aka mayar da rigar nan, ba zai ƙara cin tuwon masarar nan da daɗi ba.

Maigidana ya shigo daga zaure, Ummi ta tare shi. "Yaya, ashe ruwa ya fi ƙarfinka? Duk cika bakin madatsa?" Suka sa dariya, shi ma ya taya su. Hassana ta zungure ni. "Ke da kike can, da gaske tsamo shi aka yi?"

Na dube shi, bai dube ni ba. Na ce, "Ni ina gida ina miya." Na ci gaba da tankaɗe. Wannan kam, ko mahaifiyata ba za ta ji ta daga bakina ba.