Sau Goma Sha Tara Ya Ce "E, Ranka Ya Daɗe"

Ranar wata Talata ce na sa hular zuwa coci, na tafi ofishin lauya, na ce ɗaukaka ƙara nake so a yi wa ɗana Lavelle. Ta buɗe takardar da ya sa wa hannu, ta ɗora yatsa a shafi na shida, ta ce, "Mama Odessa, ƙofar nan shi da kansa ya rufe ta." A nan na gane.

Af, kun gani, na fara ban yi gaisuwa ba, ni da nake taƙama da ladabi. Shugaban taro Fasto Gatewood, dattawan coci, Lauya Tolliver mai yatsan nan, tsohon alƙalinmu Mista Whitlock da ya zauna kusa da ƙofa, wajen teburin abinci, don kada soyayyiyar tarwaɗa ta ƙare bai samu ba, iyaye mata da ke da 'ya'ya a gidan yari, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni wuri, ni da karatuna bai wuce aji takwas ba.

Na farko, ban zo wanke Lavelle ba. Ƙwaya ya sayar, ya kuma amsa laifinsa. An gaya masa in ya amsa, ba zai wuce shekara biyar ba. Alƙali ya ba shi goma sha biyu, domin an lissafa masa wata tsohuwar ƙara da aka kora tuntuni. Kuskure ne ƙarara, amma kotun da za ta gyara shi, ya riga ya sa hannu cewa ba zai je ba.

Na biyu, laifina. Mu nan Mississippi kun san yadda muke renon yara: babba ya yi magana, ka ce e. Ranar shari'a alƙali yana tambaya, Lavelle yana cewa, "E, ranka ya daɗe." Ka fahimta? E. Ba wanda ya tilasta maka? E. Ka yafe haƙƙinka na ɗaukaka ƙara? E. Sau goma sha tara, ni na ƙirga. Har na zunguri ta kusa da ni, na ce, "Kin ga tarbiyya?"

Da na je ziyara gidan yari na ce, "Kai, ka gane abin da ya tambaye ka kuwa?"

Ya ce, "Mama, ke fa kika ce kada in sa babba ya maimaita magana."

Na ce, "Shara ma sai na faɗa sau uku kake fitarwa, sai a gaban alƙali ka zama ɗan kirki?"

Muka yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Bara babansa ya rasu, ba a bar shi ya zo jana'iza ba. Da biyar ɗin ce, da da shi aka ɗauki akwatin gawar.

Don haka, iyaye, ku koya musu e, ku koya musu kuma "Ban gane ba, a sake faɗa." Matambayi ba ya ɓata. Mista Whitlock, a shekara talatin da ka yi a kujera, ka taɓa ɗaure wani don ya ce bai gane ba? Kun ga, ya girgiza kai, bakinsa a cike yake.

Lauya Tolliver ta ce hanya ɗaya ta rage mana: roƙon sassauci wurin gwamna. Takardar tana kan tebur, kusa da burodin masara. Ku goge maiƙon hannunku, ku karanta ta daga sama har ƙasa kafin ku sa hannu. Wanda ya sa hannu don jin kunyata bai karanta ba, zan soke sunansa.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu na ciki da na waje, Ya ba alƙalai haƙurin maimaita magana, Ya mai da kowa gida lafiya. Saura wa Lavelle shekara shida, takardar kuma har yanzu sunana ne kaɗai a kanta.

Na gode.